Saki a wata ƙasa, sabon aure a wata: takardun da ake nema

Ɗan Adar (mai kula da zaure):
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ta iso daga wata ɗiyarmu, ta roƙi a sakaya sunanta. Nan Tawa anka ɗaura mata aure, anka yi rijista a meri, wato ofishin magajin gari, sunka tafi Faransa da mijin, can kotu ta raba su. Yanzu Allah ya kawo wani a Beljiyam, meri ta can ta miƙo mata jerin takardu, ta rasa ta ina za ta kama. Abin da take son sani: hukuncin kotun Faransa ya isa, ko sai an yi wani abu nan gida? Metir lauyanmu, Baba Magatakarda, Hajiya, bismillanku. Don Allah a bar zancen wa ya cuci wa, maganar takarda ta tara mu.

Metir:
Wa alaikumus salam. Tata da sauƙi in aka duba ta wasu, don Faransa da Beljiyam duk suna cikin Tarayyar Turai. Akwai dokar da ta haɗa su, Bruxelles II ter, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2022. Hukuncin raba aure na ƙasa ɗaya yana aiki a ɗayar ba sai an sake shiga kotu ba, Danmak kaɗai aka cire. Ta rubuta wa ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ta nemi abu biyu. Cikakken kopin hukuncin mai hatimi, ba hoton da lauya ya turo mata ta waya ba, sai takardar shaida ta sashe na 36 na waccan doka. In an shigar da ƙarar kafin Agustan 2022, tsohuwar doka ce ke aiki, sai ta nemi ta sashe na 39. Ranar shigar da ƙara ake dubawa, ba ranar hukunci ba.

A cikin wannan takardar shaida akwai wurin da ake rubuta ko da sauran damar ɗaukaka ƙara, kuma nan ne dosiye da yawa ke maƙalewa. Hukunci ba ya zama yankakke ranar da alƙali ya karanta shi. A Faransa sai an isar wa ɗaya ɓangaren da shi a hukumance, a jira wata 1, in kuma mutumin yana zaune a wajen Faransa a ƙara masa wata 2. Bayan nan kotun ɗaukaka ƙara ta ba da certificat de non-appel, shaidar cewa babu wanda ya ja. In su biyun sun sa hannu cewa sun amince da hukuncin, ba sai an jira ba. Amma in mijin ya tattara ya koma gida ko ya canza adireshi, ba a taɓa isar masa ba, to wancan wata 1 ɗin bai ma fara ƙirguwa ba. Ta duba wannan kafin komai.

Hajiya Babba:
Metir ya gama da kotu, bari in ɗora na meri. A Beljiyam ana farawa da sanar da niyyar aure a meri ta inda ɗayansu yake da rijistar zama. Ba a ɗaurawa sai kwana 14 sun cika daga ranar sanarwar, in kuma wata 6 suka wuce bayan waɗannan kwanaki ba a ɗaura ba, an koma farko. Jami'in yana da ikon ɗage ranar har wata 2 in ya yi zargin auren takarda ne, mai gabatar da ƙara na gwamnati kuma ya ɗora wata 3 a kai. Saboda haka kada a buga kati, kada a kama zauren biki, kada a saya wa iyaye tikiti, sai rana ta fito a rubuce.

Abin da zai ba ta wuya ba hukuncin Faransa ba ne, takardun gida ne, ta haihuwa da ta ɗan ƙasa. Nijar ba ta cikin yarjejeniyar apostil ta 1961, wadda a cikinta hatimi ɗaya ya isa a karɓi takarda a sauran ƙasashen da suka shiga. Takardar da meri ta Tawa ta sa wa hannu sai ta bi doguwar hanya: ma'aikatar harkokin waje a Yamai ta tabbatar da sa hannun, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta ya ɗora nasa hatimin. Wanda ya tsallake na Yamai, na biyun ba zai ko karɓe ta ba. Kuma copie intégrale ake so, cikakkiya, ba guntuwar nan da ake ciro wa yara don makaranta ba.

Na Abijan:
To ke nan Hajiya, kotun Nijar ba ruwanta? Ta yi aurenta can ta huta.

Tsohon Magatakarda:
Ɗana, aurenta zai ɗauru can, wanga ba gardama. Amma buɗe littafin meri na Tawa ka gani, har gobe matar wancan ce. Hukuncin Faransa ba shi tahowa da ƙafarshi shi shiga littafinmu. Sai an kawo shi gaban kotu nan, a nemi ta ba shi ƙarfin aiki cikin ƙasa, abin da muke ce ma egzekwatur. Sannan a ɗauki hukuncin kotun tamu a kai meri, a rubuta a gefen takardar aure cewa wanga aure ya mutu ranar kaza. In ba a yi ba, ba ranar biki abin ke fitowa ba. Shina fitowa ranar da ta kai sabon auren ofishin jakadancin Nijar don a rubuta shi, ko ta haihu a zo yi ma jinjiri takardar ɗan ƙasa, ko ranar rabon gado, sa'ad da dangin tsohon miji da na sabo sunka ciro takarda, kowa da tashi, kuma duk na gaskiya.

Metir:
Baba ya yi gaskiya kan littafi, amma kada mu tsorata yarinya. Beljiyam ba za ta jira kotun Tawa ko ta Yamai ba kafin ta yarda an rabu. Ayyukan biyu suna iya tafiya tare, kuma lauya na iya tsaya mata a nan.

Dosiyen egzekwatur: cikakken kopin hukuncin, shaidar an isar wa ɗaya ɓangaren da shi, shaidar babu ɗaukaka ƙara, takardar auren, takardun shaidar ita kanta. In mijin bai halarci shari'ar ba, a haɗa da kopin sammacin da aka aika masa, don alƙalin nan zai so ya ga an kira shi yadda ya kamata. In hukuncin ba da Faransanci yake ba, sai da fassarar rantsattsen mai fassara. Alƙalin ba ya sake sauraron rigimar auren, ba ya tambayar wa ya fara zagi. Yana duba ko kotun can tana da hurumi, ko an ba kowa damar kare kansa, ko hukuncin ya zama yankakke, ko bai ci karo da wani hukuncin kotun Nijar ba, ko bai saɓa wa tsarin ƙasa ba. Na huɗun nan a kula da shi. Akwai mazan da ke dawowa gida su riga matar zuwa kotu, su karɓi takardar saki da ikon riƙon yara, ita kuma tana can tana shari'arta. Sai a wayi gari da hukunci biyu masu karo da juna, musamman kan yara da ciyarwa. Lauya ya fara bincikawa ko akwai irin wannan kafin ya shigar da komai.

Tsohon Magatakarda:
Metir, ina da ja kan "tafiya tare". Kun manta da certificat de coutume. Faransa da Beljiyam duk suna auna kowane mai aure da dokar ƙasarshi: shekarunshi, yardarshi, ko shina da igiyar wani a kai. Shi ya sa suke neman takardar da ke bayyana abin da dokar Nijar ta ce. Wa ke ba da ita? Ofishin jakadancinmu. In ma'aikacin ya tambayi shaidar mutuwar auren farko, anka miƙa mishi hukuncin da Nijar ba ta san da shi ba, shina da hujjar cewa a je a gyara gida tukuna. Ga ta da rana a meri, ga takarda ta tsaya.

Metir:
Na karɓi wannan, Baba. To ta fara rubuta wa ofishin jakadancin Nijar a Birusel ta tambayi abin da suke nema kafin su ba da takardar, ta ajiye amsar. In sun ce sai da egzekwatur, shi ya zama aikin farko, don ya fi kowane cin lokaci.

Ƴar Yamai:
Ku yi haƙuri manya, tambayar rashin sani. Tunda sau da yawa takardar haihuwarmu ba ta nuna an taɓa aure, me zai hana ta ciro takardar shaidar rashin aure kawai, a wuce wurin?

Hajiya Babba:
A'a ƙanwata, kul. Da wace biza ta shiga Faransa? Ta matar aure. Sunan mijin yana cikin dosiyen izinin zamanta, yana cikin na haraji, yana cikin takardun yara in akwai. Ta miƙa takarda mai cewa ba ta taɓa aure ba, ta yi ƙarya a rubuce da sa hannunta, kuma jami'in meri ba sai ya sha wuya zai gano ba. Daga nan sauran takardunta na gaskiya ma sun zama abin zargi, dosiye ya tafi wurin mai gabatar da ƙara, izinin zama ya shiga haɗari. In za a rubuta mata takarda, a rubuta gaskiya: ta yi aure ranar kaza, an rabu ranar kaza, ba ta sake wani ba.

Ɗan Adar (mai kula da zaure):
Madalla. Tun da anka fara, mutum uku sun biyo ni ta gefe da kishiyar tambayar. Namiji ne zaune a Turai, ya saki matarshi ta gida, ya aiko da takarda liman da shaidu sunka sa hannu. Shina son aure a meri can. Ita wagga takarda tana aiki?

Tsohon Magatakarda:
Wurin Allah da wurin dangi ta yi aiki. Wurin ofis ba ta yi ba, ko nan Tawa. Takardar liman, ta hakimi, ta ƙungiyar addini, duk shaida ce da za a kai gaban alƙali, ba su ne ƙarshe ba. Miji ko wakilinshi shi je kotu, a kira matar, alƙali da masu ba shi shawara kan al'ada su nemi sulhu, in bai yiwu ba a rubuta cewa saki ya auku, a yanke maganar yara da ciyarwa. Daga nan a kai meri, don dokar rijistar jama'a ta 2019 ta sa saki cikin abubuwan da ake rubutawa kamar haihuwa da mutuwa.

Abu biyu ke ɓata aikin. Na farko, auren kanshi ba a taɓa rubuta shi ba, goro anka raba anka yi fatiha. Ba a rubuta mutuwar auren da bai da takardar rayuwa, sai an fara neman hukuncin kotu mai tabbatar da an yi auren, da shaidu. Na biyu, in auren bisa Code civil, wato dokar boko ba ta al'ada ba, anka ɗaura shi, furucin miji ba shi kashe shi, sai hukuncin raba aure daga kotu.

Metir:
Ko an bi duk abin da Baba ya faɗa, da saura, kuma nan ne maza ke mamaki. Ranar 17 ga Fabrairu 2004 kotun ƙolin Faransa ta yanke jerin hukunce-hukunce kan sakin da aka yi a Aljeriya da Maroko. Ta ce sakin da miji ya yi shi kaɗai, wanda jan matar ba ya hana shi, alƙali kuma aikinsa kawai ya rubuta, ya saɓa wa daidaiton ma'aurata, Faransa ba za ta karɓe shi ba in matar ko su biyun suna zaune a Faransa. Wato inda kuke zaune lokacin sakin yana da nauyi. Wanda ya saki matarsa suna Tawa su biyu, daga baya ya tafi, dosiyensa daban. Wanda suke zaune a Liyon ya hau jirgi ya zo ya karɓi takarda cikin mako biyu ya koma, takardarsa ba za ta tsallake ba.

Beljiyam ta rubuta nata a sashe na 57 na dokarta ta 2004. Ba ta karɓar irin wannan saki sai sharuɗɗa sun haɗu gaba ɗaya: kotun ƙasar ta tabbatar da shi, lokacin tabbatarwar babu ɗayansu mai takardar ɗan ƙasa ko mazauni a ƙasar da ba ta san irin wannan saki ba, matar kuma ta amince a fili ba tilas. Mijin da ke zaune a Beljiyam lokacin ya faɗi tun a sharaɗin mazauni.

In meri ta Faransa ta yi shakka, tana miƙa wa mai gabatar da ƙara, shi kuma yana da kwana 15 ya bari, ya dakatar, ko ya hana. Mafita ita ce shari'ar raba aure ta sosai, wadda aka kira matar aka saurare ta, hukuncin ya nuna hakan baƙi da fari. In ku biyu kuna zaune can, ku yi ta a kotun can.

Mai Shago:
Ni wannan ban gane ba. Saki a hannun miji yake, Allah ya ba shi. Ta yaya Bature zai zauna a ofis ya ce matata ba ta saku ba?

Malam Ƙarami:
Alhaji, a sassauta. Ba wanda ya tambayi jami'in meri fatawa, shi ma bai ba da ita ba. Littafinsa yake tsaro, kuma kai ka je ka ce a sa sunanka a ciki. Saki ya auku a shari'a, idda ta fara daga ranar furucin: tsarki uku a mazhabarmu ta Malikiyya, mai ciki sai ta haihu, wadda ba ta haila wata 3. Wannan lissafi daban, na kotu daban, mai son aure a ofis sai ya cika duka biyun.

Abin da ya fi damuna ma kishiyar wannan ne, irin ta ɗiyar da aka fara tambaya a kanta. Kotun can ta raba, mijin kuwa ya ce shi bai saki kowa ba. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin alƙalin da ba Musulmi ba, wasu sun ce yana zartuwa tunda a ƙarƙashin wannan doka suka zauna, wasu sun ce a'a. Don kada a bar mace a rataye, ko a zo ana jifan ƴaƴan sabon aure da magana, waliyyinta ya nemi mijin ya rubuta saki gaban shaidu biyu, ko a yi hul'i, ko a kai wa alƙalin gida ya raba. A yi shi kafin a sa rana.

Metir:
In ƙara wa Alhaji wani abu, don maza na ɗaukarsa da wasa. Auren gida, ko ba a rubuta shi ba, aure ne. Wanda yake da mata a Bagga ko Illela ya shiga meri ta Faransa ya ɗaura wani, ya taka sashe na 147 na Code civil ɗinsu. Hukuncinsa ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 45,000, kuma ana iya rushe auren har shekara 30 bayan ɗaura shi. Izinin zama da takardar ɗan ƙasa da aka samu ta wannan aure suna iya bin sa.

Na Jamus:
Masu nufin Jamus su san nasu ya fi tsawo. Sakin da aka yi a wajen Tarayyar Turai sai hukumar shari'a ta jiha ta amince da shi tukuna, a yawancin jihohi shugaban babbar kotun jiha ne ke sa hannu, bisa sashe na 107 na dokar shari'ar iyali. An cire wanda aka yi a ƙasar da ma'auratan biyu suke ƴan ƙasarta kaɗai, amma ko shi za a duba takardun. Bayan haka suna neman shaidar cancantar aure daga ƙasar mutum, in ƙasarsa ba ta ba da irin wadda suka yarda da ita, ofishin aure ya tura dosiye a nemi a yafe. Yafewar wata 6 take aiki. Ana lissafin abin da watanni, kuɗin kuma ya danganta da albashi. A fara zuwa ofishin auren garin da ake zaune a karɓi jerinsu, don ba ya zama ɗaya daga jiha zuwa jiha.

Mai Fassara:
Duk abin da manya suka faɗa yana iya rushewa a kan harafi ɗaya. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, fasfo ya ce Mohamed, hukuncin saki ya ce Mamane. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin jami'in can mutum uku. Haka sunan uba da na kaka da ke musanya wuri, haka wanda aka rubuta an haife shi wajen 1985, fasfo ya mai da shi 1 ga Janairu, wata takarda ta ce 31 ga Disamba. Mai fassara ba shi da ikon gyarawa, abin da ya gani yake juyawa, har kuskuren. A shimfiɗa takardun duka a kan tabarma a karanta su harafi-harafi kafin a biya ko tambur ɗaya. In bambancin ƙarami ne, certificat d'individualité na iya rufe shi, wato shaidar cewa sunayen na mutum ɗaya ne. In ranar haihuwa ce ko sunan iyaye, sai hukuncin gyara daga kotu.

Sai jeri. Takardu iri biyu ne, masu tsufa da marasa tsufa. Hukunci, shaidar babu ɗaukaka ƙara, egzekwatur, waɗannan ba sa lalacewa, su ake fara nema. Takardar haihuwa kuwa meri ta Faransa tana son wadda ba ta wuce wata 6 ba in daga waje ta fito, wata 3 in ta Faransa ce. Mutum ya yi ɗoki ya ciro ta farko, kafin kotu ta gama ta tsufa, a sake biya, a sake aikawa.

Fassara kuma bayan hatimai ake yi, don hatiman ma ana fassara su. Kuma ƙasar da za ta karɓa ita ke faɗin wanda ta yarda da fassararsa. Faransa tana son wanda ke cikin jerin kotunan ɗaukaka ƙararta. Masu zuwa yankin Filaman na Beljiyam su tambaya, don Faransanci ba ya wadatarwa a can. Kada a cire ƙusar da aka haɗa takardu da ita don yin fotokopi, ramin da ya rage ya isa a ce an sauya shafi.

Ƴar Yamai:
To wanda aka raba shi a Saudiyya ko Maroko, na ji an ce yanzu apostil kawai ake bugawa?

Mai Fassara:
Sai in ƙasashen biyu duk suna ciki. Maroko ta shiga a 2016, Saudiyya a Disambar 2022, Kanada a Janairun 2024. Takardar Jidda da za ta Faransa, apostil ya isa. Wadda za ta zo kotun Yamai, sai tsohuwar hanya: ma'aikatar harkokin wajensu, sannan ofishin jakadancin Nijar. Kuma apostil sa hannu kawai yake tabbatarwa, ba ya tilasta wa kowa amincewa da sakin da ke ciki.

Na Abijan:
Bari in sa na wajenmu, tunda rabin Adar na nan. Kodebuwa auren meri kaɗai ta sani, mata biyu kuma haramun ne a dokarta tun 1964. Dokar aure ta 2019 ta bar wa mace jiran kwana 300 bayan mutuwar aure kafin ta sake wani. Yana ƙarewa in ta haihu, kuma ana iya neman kotu ta taƙaita shi. Wadda ta gama idda wata 3 ta ɗauka shi ke nan, sai meri ta ce da saura. Turkiyya ma kwana 300 ne, ga masu harkar Istanbul. Faransa ta soke nata tun 2005. Sauƙin da muke da shi, Nijar da Kodebuwa duk sun sa hannu a yarjejeniyar shari'a ta Tananarif ta 1961, kuma harshen kotu ɗaya ne, ba kuɗin fassara.

Ƴar Ƙonni:
Na tsallaken iyaka su ma a faɗa. In auren rijista ne aka yi a Najeriya, babbar kotun jiha ke raba shi, kuma takarda biyu ce. Ta farko decree nisi, sai bayan wata 3 ta zama decree absolute. Mutane na karɓar ta farko su taho, alhali da ita ba a aure. In auren Musulunci ne, kotun shari'a ta Sakkwato ko ta inda aka zauna ke ba da shaidar saki, a tabbata tana da lambar ƙara, rana, hatimi da sa hannun alƙali. Najeriya ma ba ta cikin apostil, sai ma'aikatar harkokin waje a Abuja. Ingila ita ma hawa biyu ce, tun Afrilun 2022 sunayen suka koma conditional order da final order, ta biyun ake nema.

Na Amurka:
Nan kowace jiha da nata. Wani wuri magatakarda ranar saki kawai zai tambaya ya ba da lasisin aure, mutum ya ga kamar ya tsira. Ranar da ya cika fom I-130, na neman wa matar izinin zama, hukumar shige da fice za ta nemi shaidar mutuwar duk auren da kowannensu ya taɓa yi. In sakin ya zo bayan ranar sabon auren, ko takardar liman ce kawai, sabon auren ne ke shiga matsala. Akwai kuma jira bayan saki a wasu jihohi, Texas kwana 30, Wisconsin wata 6.

Hajiya Babba:
Metir, ba ka taɓo rabuwar nan ta wurin noter, jami'in da ke tabbatar da yarjejeniyoyi, ba, ga ta ta yi yawa yanzu.

Metir:
Na gode Hajiya. Tun 1 ga Janairu 2017 Faransa ta yarda ma'auratan da suka daidaita su rabu ba alƙali: kowa da lauyansa, a sa hannu, noter ya ajiye yarjejeniyar. Tana da sauri, amma ba hukunci ba ce. A cikin Tarayyar Turai an yi mata hanya, takardar shaida ta sashe na 66. A waje kuwa, alƙalin da aka ce ya yi egzekwatur yana iya cewa bai ga hukuncin da zai ba ƙarfi ba. Duk wanda aurensa ke rubuce a littafin Nijar, ko yake da niyyar sake aure a wajen Turai, ya faɗa wa lauyansa tun ranar farko, a auna ko gara a bi ta gaban alƙali ko da za a daɗe.

Ɗan Adar (mai kula da zaure):
Baba, wanda ba shi iya zuwa da kanshi fa, ƙane ko kawu na iya karɓo mishi?

Tsohon Magatakarda:
Shina iyawa, da takardar wakilci. A rubuta ta a ofishin jakadancin Nijar na inda mutum yake, a tabbatar da sa hannunshi can. A faɗi sunan wakilin kamar yadda yake a katinshi, a faɗi aikin ɗaya bayan ɗaya: ciro takardar haihuwa, ciro ta aure, karɓar kopin hukunci, kai su Yamai a buga hatimi. Wadda anka rubuta "shi yi mini duk abin da ya kamata" ana maido ta. A ba wakilin lamba da shekarar kowace takarda, don da su ake neman littafi, ba da suna ba. Kuma shi ciro kopi uku-uku masu hatimi, duk a buga musu na Yamai lokaci guda, don meri na riƙe nata, ofishin jakadanci na riƙe nashi, ba su maidowa.